Harafin Nun a Birnin Uwar Wuta

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayin tafiya, ya halicci harshe ya bar wa kowa linzamin nasa a hannunsa. Ni ne Barmo ɗan Korau maƙeri, mutumin Gangaren Tsamiya. Na yi shekaru ina ba da labaran tafiye-tafiyena a zauruka, ana dariya, ana yaba wayona, ina shafa gemu. Akwai guda ɗaya da nake tsallakewa, in an kusa zuwa kansa sai in ce maƙogwarona ya bushe. Shi zan faɗa yau, kuma ina roƙon kada kowa ya yabe ni a kansa.

Ubana ya so in gaje shi a maƙera, ni kuwa na ga zuga-zugi bai dace da hannun da ya riƙe alƙalami ba. Na karanta nahawu, na taɓa ilmin jayayya, har ya zama a garinmu mutane suna sauya hanya in sun hango ni, don ko gaisuwa mutum ya yi sai na nuna masa inda ta karkace. Ana nan wani falke ya ba ni labarin wani birni can bayan duwatsun gabas, wai shi Birnin Kariya, inda kowace tambaya an riga an rubuta amsarta an ajiye. Tun daga ranar na kasa zama. Ranar da zan tashi ubana bai yi doguwar magana ba. Ya miƙo mini 'yar jakar fata, a ciki akwai ƙyastu, wato ɗan ƙarfen da ake bugawa a jikin ƙanƙara a sami wuta, wanda ya ƙera da hannunsa, ga ƙanƙarar, ga ɗan audugar rimi. Na rataya a wuya don kada ya ji ba daɗi, a raina kuwa ina cewa mai neman ilmi me zai yi da kayan maƙera.

Na yi wata huɗu ina tafiya. Na ratsa wata fadama da kwaɗinta suka kai girman jakuna, in ɗaya ya yi kuka sai ganye ya zubo daga itace. Na fito daga cikinta taɓo har wuya, ƙudaje sun lulluɓe mini baya kamar an yafa mini bargo. A haka na iso wani mashigi tsakanin duwatsu biyu, inda wani dodo yake zaune, hancinsa ya kai tsawon taɓarya. Shi wannan dodo yana jin warin ƙarya, duk wanda ya yi masa ita sai ya cinye shi. Matafiyin da ya faɗi gaskiya cewa shi kaɗai ne, shi ma cinye shi yake yi, tun da ba mai zuwa nemansa. Ya tambaye ni ko ni kaɗai ne. Na ce masa waɗanda ke bayana sun fi ɗari uku, kuma ko tsayawa na yi ba sa barina. Ya shinshina, ya sāke shinshinawa, bai ji warin komai ba. Sai ya ɗauka ayari ne mai māsu ke tafe, ya ja da baya ya shige kogonsa. Na wuce da ƙudajena ina dariya, ina jin duk duniya ba wanda ya kai ni iya sarrafa magana.

Bayan kwana tara na hango birnin. Ganuwarsa baƙa ce, a tsakiyarsa kuma ga wata doguwar hasumiya tana fitar da hayaƙi shuɗi. Mutanensa Hausa suke yi irin tamu, an ce kakanninsu fatake ne da suka ɓace hanya suka zauna. A bakin ƙofa masu gadi suka tambaye ni ko ina ɗauke da wuta. Na ce a'a, kuma ban yi ƙarya ba. Suka juya jakar wuyana suka ɗauka laya ce, suka bar ni da ita. Daga nan aka haɗa ni da wanda ya kai ni masaukin da aka zaɓa mini, don a can baƙo ba ya zaɓen masauki da kansa.

Gidan wata tsohuwa ne, Inna Gwamma. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa a raye, kaɗi take yi tana ci. Haƙoranta uku suka rage, kuma da ta yi dariya sai ta rufe su da tafin hannu, wai kada su ji iska su gudu. Ta share mini ɗakin mijinta, ta kawo mini tuwo mai sanyi ƙarara, ta ba ni haƙuri ta ce la'asar ta yi, wuta ta mutu. Ban gane ba, sai ta zauna ta warware mini.

Ta ce tana 'yar shekara bakwai aka yi gobarar da ta cinye fiye da rabin birnin, har da ƙannenta biyu. An ce daga madafar wata mata ta tashi. Waɗanda suka tsira su da kansu suka je suka roƙi dattawa su karɓe duk wutar gari su riƙe, don kada a sāke. Dattawan nan su ne suka zama majalisar da ake kira Masu Kula. Suka tara wuta a hasumiya, suka sa mata suna Uwar Wuta, suka yi mata wani aiki da ba wanda ya sani har ta koma shuɗiya. Kowace safiya ma'aikata suna zagawa da tukwanen ƙarfe suna ba kowane gida garwashi biyar. Wannan wuta ba ta kama itace, ba ta kama kara, gawayinsu kawai take ci, kuma da an kira azahar sai ta mutu a duk gari lokaci guda. Inna Gwamma ta ce da farko wuta kaɗai suka karɓa. Daga baya suka ga wuƙa ma tana yanka, sai suka ƙayyade tsawonta. Suka ga rijiya tana cin mutum, sai suka sa ranakun ɗiba. Suka ga magana ma tana ta da fitina, sai suka karɓi karatun yara. Kowace sabuwar doka da kalma biyu ake rufe ta, don lafiyarku. Tana faɗa tana murza mazari, ba haushi a muryarta, kamar mai ba da labarin damina.

Jar wuta irin tamu, a can shegiyar wuta suke ce mata. Da yake sun manta yadda ake ƙyasta ta, sun ɗauka haifarta ake yi, don haka samar da ita sunansa naƙuda. Akwai fararen ungulaye da aka horar, da sun ji hayaƙin itace sai su yi ta kewaya saman gidan har a zo. Hukuncin kuwa shi ne zaman ɗanye: shekara bakwai ba garwashi, ba dafaffen abinci, ba ruwan zafi, kuma duk wanda ya miƙo maka ko da kunu ne shi ma ya shiga. Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa gama shekara bakwai ɗin. Ta ce matasa sukan gama.

Washegari na nufi Zauren Amsa, wurin da na baro gida dominsa. Na tarar da yara sun fi dubu suna rera amsoshi, ba wanda ya tambaye su komai. Ashe kafin ka yi tambaya sai ka karɓo ɗan katako daga wani magatakarda, kafin ya ba ka kuma sai ka faɗa masa tambayar, ya duba ko tana da amsa a littafi. In babu, to ba tambaya ba ce. Na yi kwana biyu ina bin layi, na tambayi abin da ya sa shuɗiyar wuta take mutuwa da azahar. Aka buɗe wani ƙaton littafi, aka karanta mini kalma biyun nan da Inna Gwamma ta riga ta faɗa mini kyauta. Koyarwa kuwa sai mai hatimin majalisa. Ko tuƙin tuwo uwa ba ta nuna wa 'yarta sai wata mai hatimi ta zo ta tsaya a kansu. Na dawo gida ina zagin mutanen garin a raina, ina cewa tumaki ne, an ɗaure su suna godiya. Ni da kaina na faɗi haka.

Damina ta sauka sosai. Tuwon sanyi ya ɓata mini ciki, ga ɗakin da danshi. Wata la'asar ana tsuga ruwa, kwaɗayin kunu mai zafi ya kama ni har ina jin ƙanshinsa. Na lura cewa ungulaye ba sa tashi cikin ruwa. Sai na zāre 'yan karare daga rufin ɗaki, na karya ƙafar wata tsohuwar kujera, na ciro ƙyastun ubana. Bugu uku auduga ta kama.

Inna Gwamma ta shigo da ƙwarya a hannu ta tsaya cik. Ta ce in kashe, in kashe maza. Amma tana faɗa tana durƙusawa, har ta kai hannuwanta biyu saman wutar, hawaye na bin kumatunta. Ta ce rabonta da ganin jar wuta tun ranar gobara, ta ɗauka in ta sāke ganinta za ta gudu, sai ga shi uwarta take tunawa tana gasa musu masara. Ni kuwa na kumbura kamar na halicci rana. Na ce mata kada ta damu, ina da amsar duk wanda ya zo.

Maƙwabciyarta Tasalla ce ta fara jin ƙanshin ta kan katanga. 'Yarta ta haihu kwana huɗu da suka wuce, tana kwance tana rawar sanyi, garwashi biyar kuwa ba sa tafasa tukunyar wankan jego. Sai ga ta ta shigo a jiƙe, riƙe da ɗan kasko, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi maganar da a bakin kakarta kawai ta taɓa ji.

"Inna, na zo ɗiban wuta."

Inna Gwamma ta dubi kaskon. Can ta ce a gidan uwarta ba a taɓa mayar da mai ɗiban wuta da kasko wayam ba, ba kuwa a kanta za a fara ba. Ta ɗebo garwashi da hannunta ta zuba mata. Kafin kwana uku wutar nan ta shiga gida goma sha ɗaya, daga kasko zuwa kasko, a ƙarƙashin mayafi. Mata suka riƙa zuwa kallon ƙyastu, ni kuma na shimfiɗa tabarma na zauna ina nuna musu yadda ake riƙe ƙanƙara, suna ce mini Malam, ina jin daɗin sunan har cikin ƙashina. Inna Gwamma ta ja ni gefe ta ce ruwa fa ba ya dawwama. Na ce mata ta bar mini lissafin sama.

Rana ta huɗu gari ya waye tas. Maƙwabta duk sun kashe tasu tun da asuba, ni ne na ce bari in ɗumama kunu tukuna. Kafin hantsi ungulaye bakwai suna kewaya saman gidanmu.

Aka kai mu zauren shari'a, ni da ita, aka zaunar da mu muna jiran alƙali. Inna Gwamma ta matso ta raɗa mini abu guda, ta ce ko me za a yi kada in ambaci sunan Tasalla, mai jego ba za ta iya zaman ɗanye ba. Ba ta roƙe ni komai don kanta ba. Ni a lokacin ina tunanin shekara bakwai ina tauna ɗanyen gero a garin da ba uwa ba uba. Idona ya faɗa kan wani babban allo da ke rataye a bango, inda aka rubuta dokar da manyan baƙaƙen ajami. Na karanta don in shagaltar da kaina. An rubuta: duk wadda ta yi naƙudar wuta, za ta yi zaman ɗanye shekara bakwai.

Wadda. Waɗanda suka rubuta dokar matan madafa kawai suke tunani, bai zo musu a rai namiji zai taɓa murhu ba. Zuciyata ta buga don murna. Kuma gara in faɗi gaskiya tun da na ɗauko ta: a cikin bugun nan guda na ga inda maganar za ta faɗa in na kauce mata. Na gani sarai, ba wanda ya rufe mini ido.

Alƙalin sunansa Kailani, wani siririn dattijo mai haƙuri, ba mugu ba ne ko kaɗan. Ya ce an sami tokar itace a ɗakin da nake kwana, ya tambaye ni ko ni na yi naƙudarta.

Na miƙe na gyara riga na ce, "Allah ya gafarta malam, a dubi allo. An rubuta wadda. Da wanda ake nufi, da an sa nun a tsakiya, ga shi kuwa babu. Ni ga gemuna. Tun da aka kafa duniya ban ji inda namiji ya yi naƙuda ba."

Zauren ya fashe da dariya, an ce ba a taɓa yin dariya a cikinsa ba sai ranar. Alƙali ya tashi ya je ya ƙura wa allon ido. Ya sa aka ɗauko tsofaffin takardu, a cikinsu duka kalmar wadda ce aka rubuta. Ya dawo ya zauna ya ce baƙo ya yi gaskiya, doka ba ta san shi ba. Sannan ya ce amma wuta ta samu, doka kuma ta ce akwai wadda ta yi ta. Ya tambaye ni mata nawa ne a gidan. Na ce ɗaya.

"Ka ga ta yi?"

Jakar tana nan a wuyana, ina jin nauyinta a ƙirji. Da na ciro ta na buga sau uku a gabansu, da kowa ya ga ba aikin tsohuwa ba ne. Wataƙila su ƙara nun a take su kama ni, wataƙila kuma su rasa yadda za su yi su sake mu duka. Ban tsaya na gani ba.

Na ce, "Ni dai na gan ta durƙushe a gaban wutar, hannuwanta biyu a kai."

Ko dodon mashigi aka kawo ba zai ji warin ƙarya a maganar nan ba. Inna Gwamma ta dube ni, ba ta daɗe tana kallon ba. Ta juya ta ce wa alƙali ita ta yi, ita kaɗai, kuma ba wanda ya ɗiba a wurinta. Aka tambaye ta yadda ta yi, ta ce tsufa ya sa ta manta. Aka yanke mata shekara bakwai, aka shafa farar ƙasa a ƙofar gidanta, aka ajiye mai gadi a zaure.

Ni kuwa Masu Kula suka aiko a kira ni. Na je ina zaton hukunci ne, sai na tarar da tabarma da abinci. Suka ce mutumin da ya ga ramin da suka yi shekara sittin ba su gani ba, bai kamata a bar shi yana yawo ba. Suka ba ni ɗaki a gindin hasumiya, inda shuɗiyar wuta ba ta mutuwa, suka miƙo mini alƙalami suka ce in toshe musu duk wata kafa da ke cikin dokokinsu. Na karɓa. Da hannuna na hau kan kujera na gyara allon nan ya koma wanda ko wadda, na ma tsaya na kalli rubutun na ga ya yi kyau.

Wata biyar na yi ina wannan aiki, ina cin tuwo mai tururi safe da yamma, har wuyana ya yi kauri. Na toshe kafa goma sha tara. Dokar wuƙa ta manta da almakashi, na sa. Dokar rijiya ta manta da ruwan sama da ake tara a randa, na sa. Dokar koyarwa cewa ta yi ba a koyarwa a allo ko a takarda sai da hatimi, na ga ai ana iya rubutu a ƙasa, sai na ƙara: ko a ƙasa, ko a bango, ko a iska da yatsa. Masu Kula suka yi ta sa mini albarka. Mutanen da na kira tumaki, ni na zauna ina gajarta musu igiya, kuma na fi masu igiyar iya ƙulli.

A cikin takardun na ci karo da wani tsohon layi. Ya ce in mai laifi na gaskiya ya kawo kansa, a saki wanda aka hukunta, shi ya ɗauki abin da ya rage. Kullum sai na buɗe shafin na karanta. Ban goge shi ba, kuma na riƙa lallashin kaina cewa rashin gogewar ma wani alheri ne. Kowace Juma'a sai in ce mako mai zuwa zan je wurin Kailani. Sau biyu na kai har ƙofar zauren shari'a, ƙanshin miya ya biyo ni daga hasumiya, na juya.

Abin da ya tashe ni daga ƙarshe ba tausayi ba ne. Wani tsohon magatakarda ne ya faɗa mini cikin hira cewa duk wanda ya san cikin doka ba ya sāke fita birnin, nan zai tsufa, nan za a binne shi. Nan da nan wayona ya farka. Na lura kowane hantsi ana kwashe tokar Uwar Wuta a manyan amalanke, waɗansu kunkuraye masu girman rumbu suna ja, su fita ta wata ƙaramar ƙofa su zubar a bayan ganuwa. Masu gadi ba sa taɓa tokar, don ni da kaina na rubuta cewa taɓa ta laifi ne. Na nemi dogon kara mai rami da zan riƙa numfashi da shi, na zaɓi rana.

Da safiyar ranar ƙafata ta kai ni gidan Inna Gwamma. A hanya ina gaya wa kaina cewa in na gan ta zuciyata za ta karye, daga can sai in zarce wurin alƙali. Sanyi ya riga ya shigo. Na wuce mai gadi a zaure, na same ta a tsakar gida tana bin ɗan hasken rana da tabarmarta. Ta ƙanƙance, tari yana girgiza ta, yatsunta sun sandare har mazari ya gagare ta. A gefenta ga ƙwarya da gero a jiƙe, ta ce sai ya kwana biyu a ruwa kafin dasashinta ya iya da shi. Haƙori ɗaya ya rage, kuma ta daina rufe shi.

Ta yi mini maraba, ta ce Malam ya yi ƙiba, birni ya karɓe shi. Ta ce 'yar Tasalla ta miƙe, jaririn har yana zama. Na kasa haɗa ido da ita, na fara wata magana mai tsawo a kan yadda al'amura suka zo a cukurkuɗe. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Na yi fushi da kai wata biyu," in ji ta. "Sai na ga fushi ma yana son a ci abu mai zafi kafin a iya riƙe shi. Na ajiye."

Ta yi tari, ta huta, sannan ta share ƙasar gabanta da tafin hannu.

"Abu ɗaya ke damuna. An ce harafi guda ne ya raba ni da kai a wurin alƙali. Ni ban yi karatu ba, lokacin da aka buɗe Zaure na riga na girma. Ina kwana ina tashi ina son in san kamanninsa. Zana mini shi a nan in gani."

Na dubi ƙasar, na waiwaya na dubi zaure. Ko a ƙasa, ko a bango, ko a iska da yatsa. Amalanken toka za su tashi kafin rana ta take, in aka kama ni yanzu shi ke nan. Na ji bakina yana cewa ba ni da hatimin koyarwa.

Ta janye hannunta daga ƙasar. Ta ce haka ne, kada in jawo wa kaina. Sai ta jawo wata ƙwarya, ta dunƙula gumba daga geron da ta kwana biyu tana jira, ta naɗe a ganye ta miƙo mini. Na ce ta bar shi, ai nan kusa zan je, wurin alƙali.

"Ai takalman tafiya ne a ƙafarka, Malam," in ji ta. "Ka yi haƙuri da guzurin, ban taɓa sallamar baƙo da abu mai sanyi ba sai kai."

Na karɓa. Na fita, na bi ta gaban zauren shari'a ban rage sauri ba, na shige cikin toka da karana a baki. Kunkuraye suka ja ni har bayan ganuwa suka juye ni a juji, na miƙe fari fat ba wanda ya gan ni. Gumbar nan na cinye ta tas a rana ta biyu, a gindin wata ƙirya, don yunwa ta kama ni. Ban koma ba, ban aika ba, kuma har yau ban haɗu da falken da ya fito daga can in tambaye shi ko an goge farar ƙasa daga ƙofar wata tsohuwa ba.

Harafin da ta roƙa ɗan lanƙwasa ne da ɗigo ɗaya a samansa, da yatsa ana gama shi kafin a ja numfashi biyu. Ta riga ta share mini wurin. Mai gadin kuwa, tun da na shiga har na fito barci yake yi, ina jin minsharinsa daga tsakar gida.

Nan hikayata ta tsaya, Allah shi ne masanin abin da na rage da abin da na ƙara. Wanda ya ji ta, in zai ɗaga hannu ya yi addu'a, ya fara da Inna Gwamma.